Daga Lagwani Zuwa Maɓalli: Tarihin Rage Haske a Dutse

Maudu'inmu na wannan mako ƙarami ne a ido, wato yadda mutanenmu suka saba rage hasken fitila don ya kai su asuba.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, amma gidaje da dama a cikinta da ƙauyukan Kiyawa da Birnin Kudu da aci-balbal ko fitilar ƙwai suke kwana. Kowace uwa ta san ka'ida: da an gama cin tuwo sai a murɗa lagwani ƙasa, saboda kananzir kuɗi ne. Yaron da ya ƙure lagwani har gilashi ya yi baƙi, sai ya sha faɗa.

Tocilar wancan zamani ba ta da wannan dabara. Ƙwanta zare ne da ke yin ja don zafi, yana shan batir kamar rani da ruwan tafki. Ko a kunna, ko a kashe.

Canji ya taso daga nesa. A 1962 Nick Holonyak ya ƙera jan ƙwan LED a Amurka. A 1993 Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan ya fito da shuɗi mai ƙarfi, wanda daga gare shi aka samu fari. Shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka karɓi kyautar Nobel a 2014. Kafin nan tuni tocilolin Sin masu araha sun cika kasuwanni irin ta Shuwarin, matasa kuma suna harhaɗa tasu da katako da tsohon faifan CD da batir uku.

A nan tsohuwar matsala ta dawo. Farin LED kusan bolt 3 yake buƙata, batir uku kuwa 4.5 suke bayarwa. In ba a tare wutar ba, ƙwan zai haska sosai, ya mutu da wuri. Maganin shi ne rizisto, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da ke takura wa wuta hanya. Mafi ƙarfinsa, mafi dusashewar haske, batir kuma ya daɗe. Lagwani ke nan a sabuwar riga, sai dai wani kaso na wutar yana salwanta a matsayin zafi.

Hanya ta biyu ta fi tattali: a riƙa kunna ƙwan ana kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Ido ba ya kama ƙiftawar, raguwar haske kawai yake gani. Ɗan guntun 555 da Hans Camenzind ya tsara, wanda ya shiga kasuwa a 1972, yana iya wannan aiki. Ku gwada: ku sa tocila a ƙaramin haske, ku kaɗa ta cikin duhu. A wasu za ku ga hasken ya tsinke ɗigo-ɗigo.

Ɗalibar da ke bitar jarrabawa a Dutse yau, ta danna maɓalli sau biyu don caji ya kai ta gobe, aikin kakarta take yi. Ku tambayi tsofaffin gidanku yadda suka yi tattalin haske, ku rubuto mana kafin labarin ya tafi da masu shi.