Daga Fito Zuwa Shinge: Tarihin “Goron” da Muke Biya a Hanya

'Yan'uwa fatake, tunda bikin zagayowar ranar ƙungiyarmu ya sake tara mu a nan Asokore Mampong, mun ga ya dace mu taɓo zancen da muke yi a bakin mota amma ba mu cika sa shi a takarda ba.

Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Ayari kan taso daga Kano, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya bi ta Sansanne Mango da Yendi, ya sauka Salaga. A kowace mashiga akwai fito, akwai gaisuwar sarki. Madugu ne ke zama ya yi ciniki a madadin kowa, a raba kuɗin bisa yawan kayan mutum. Ba mu ce zamanin ba zalunci ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya soki gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin Kitabul Farƙ. Amma fito a bainar jama'a ake biyansa, sarkin da ya karɓa kuma tsaron ayari ya hau kansa. Bayan yaƙin Salaga na 1892 da kama Asante da Turawa suka yi, ciniki ya gangaro Kumasi, zango ya cika. Goron da muka zo saye kuwa shi ne yau ya zama sunan abin da ake cusa wa ma'aikaci a tafin hannu.

Dattawanmu na Aboabo da Asawase ba su manta da zamanin Acheampong ba, daga 1972 zuwa 1978. Gwamnati ta ƙayyade farashi, kaya suka yi ƙaranci. Sukari, madara, sabulu, yadi, ba a samunsu a farashin gwamnati sai da 'yar takardar izini, takardar kuwa sai wanda ya san babba. Shi ba ya ko taɓa kwali: ya sayar da takardar, na biyu ya sayar wa na uku, kafin kaya su iso teburin 'yar kasuwa kuɗinsu ya ninka. Wannan shi ne kalabule. Wasu na cewa kalmar daga Hausa ta fito, abin da ya isa ya nuna wa ake kallo idan an ambace ta.

Da Rawlings da ƙananan sojoji suka karɓi mulki ranar 4 ga Yuni, 1979, jama'a sun yi murna, har da da yawa daga cikinmu. An harbe manyan hafsoshi takwas, uku daga cikinsu tsofaffin shugabannin ƙasa: Acheampong, Akuffo da Afrifa. Sai bulala ta juyo kasuwa. An zane iyayenmu mata a gaban jama'a kan sayar da kaya sama da farashin gwamnati, an ƙwace na rumbu, a watan Agusta aka rushe kasuwar Makola ta Accra. Mai tebur ta sha dukan laifin da aka ƙulla a ofis. Kaya ba su dawo kanti ba, sai ma suka ƙara ɓuya. Kalabule bai lafa ba sai bayan 1983, da aka fara sakin farashi takardar izini ta rasa daraja. A ganinmu wannan ne mafi amfani a duk tarihin: abin ya mutu ne ran da aka daina buƙatar sa hannun wani kafin a sayi sabulu.

A hanya kuwa ba a daina buƙatar sa hannu ba. ECOWAS ta amince da 'yancin zirga-zirga tun 1979, amma mai ɗauko albasa daga Galmi ya ratso Burkina ya shigo ta Bawku ko Paga ya san shinge nawa ke jiransa kafin Kumasi. Kayan gwari ba sa jira, shanu kuma ramewa suke a mota. Ma'aikaci bai buƙatar barazana, ya karɓi takardu ya zauna a inuwa kawai. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda Najeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986 da kuma daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kuɗin ɓarauniyar hanya ne ke tashi.

Hukumomi dai an kafa: CHRAJ a 1993, dokar Mai Gabatar da Ƙara na Musamman a 2017, wanda na farkonsa, Martin Amidu, ya ajiye aiki a 2020. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne kyamarar Anas Aremeyaw Anas. A 2011 ya nuna yadda ake karɓar kuɗi a tashar jirgin ruwa ta Tema, har Shugaba Atta Mills ya je da kansa ya yi wa jami'an kwastan faɗa. A 2015 ya nuna alƙalai 34, wasu har da akuya aka kai musu. A Janairun 2019 aka harbe abokin aikinsa Ahmed Hussein-Suale a Madina. Allah ya jiƙansa.

Binciken da hukumar ƙididdiga ta Ghana ta yi tare da CHRAJ da Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa a 2021 sama da mutum ɗaya cikin huɗu da suka yi hulɗa da ma'aikacin gwamnati sun ba da cin hanci ko an nema daga gare su, kuɗin ya kai kusan sidi biliyan 5. Nawa ne namu a ciki?

Mun tsine wa alƙalin da ya karɓi akuya, washegari muka lissafa wa direba “kuɗin hanya” kafin ya tashi. Mun san hadisin da ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa, mun kuma san malamai sun yi sassauci ga wanda aka tilasta don ya ceci haƙƙinsa. Sai dai ba kullum ake tilasta mu ba. Wanda ya ɗora lodi fiye da ƙima, ko ya rubuta buhu 200 alhali 260 ne, shi ke fara miƙa hannu, shi ne kuma ke tsayar da farashin da za a nema wurin na bayansa mai cikakkun takardu. Mun ga ɗan'uwa da ya ƙi biya a wani shinge ya kwana biyu tumatir na ruɓewa, motocinmu suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

A zamanin ayari ba a barin mutum ɗaya a mashiga. Shi ya sa muke roƙon taron bana ya duba shawarar buɗe littafi a ofishin ƙungiya: duk motar da ta sauke, a rubuta inda aka tsayar da ita, awa nawa, nawa aka karɓa, da rasit ko babu. Tun 2006 masu sa ido kan hanyar Tema zuwa Wagadugu suka fara irin wannan ƙidaya da taimakon direbobi, suna buga sakamakon ana kai wa hukumomi. A littafinmu za a ƙara layi ɗaya, inda mai kaya zai rubuta ko takardunsa sun cika ranar.