Baƙar Kwat a Tsakiyar Teku

Duk wanda ya yanki tikitin yawon shaƙatawa a ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan da ke tashi daga Southampton ko Miami, a cikin bayanan da kamfani zai ba shi akwai wanda ya shafi sutura. A tafiyar mako guda yawanci akan ware dare ɗaya ko biyu da ake son maza su fito cin abinci da baƙar kwat ta dare, da farar taguwa, da ɗan baƙin taye da ake ɗaurewa a maƙogwaro kamar malam-buɗe-littafi, ko aƙalla kwat da wando masu duhu. Kamfanonin kan gabatar da wannan dare a matsayin gadon teku, wai ragowar ladabin mutanen da, wanda ya tsira daga ruɗin zamani. Tarihi bai goyi bayan wannan magana sosai ba. Al'adar ba a teku aka haife ta ba, kuma tun ranar da ta hau jirgi, masu jiragen ne ke ɗaga ta su sauke ta gwargwadon irin fasinjan da suke farauta. Abin da ya sauya a cikin shekaru ɗari da wani abu shi ne aikin da kwat ɗin take yi: da shinge ce da ke raba masu hali da sauran fasinja, yau kuwa haja ce da ake sayar wa kowa.

Jiragen farko ba wurin ado ba ne. Britannia, wanda Samuel Cunard ya buɗe zirga-zirgarsa da shi daga Liverpool zuwa Halifax da Boston a 1840, jirgin katako ne mai ɗaukar fasinja 115, kuma har da saniya a cikinsa don a sami madara. Babban aikinsa kai wasiƙu, domin kwangilar wasiƙun gwamnati ce ta tsayar da kamfanin da ƙafafunsa. Marubuci Charles Dickens ya hau shi a farkon 1842, ya sauka yana ƙorafin ƙuncin ɗakinsa da na zauren cin abinci. Mutumin da teku ke jujjuya wa ciki har kusan mako biyu ba ta sitacin wuyan riga yake ba. Sai da jirage suka yi girma, kuma kamfanin White Star ya mayar da zauren manyan fasinja tsakiyar jirgi a Oceanic na 1871, inda girgiza da ƙarar injin suka fi sauƙi, sannan cin abinci ya fara zama abin da za a yi masa shiri.

Ita kanta kwat ɗin a tudu ta girma. A Ingila ta ƙarni na sha tara, mai sukuni kan sauya kaya kowace yamma kafin ya zauna a tebur, ko da a gidansa ne: kwat mai wutsiya biyu a baya, falmaran, da taguwa mai ƙirji da aka ƙame da sitaci. Telolin Henry Poole na titin Savile Row a Landan sun ɗinka wa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, wata gajeriyar kwat marar wutsiya a 1865, don ya riƙa sawa in cin abincin bai kai na taro ba. A wajen 1886 salon ya isa Tuxedo Park, wata unguwar attajirai a jihar New York, kuma daga nan Amurkawa suka samo sunan da suke kiran ta da shi. Abin lura shi ne, wannan rigar da yau ake ɗauka ƙololuwar ado, a lokacinta rigar sassauci ce, ta zaman maza ya-su-ya-su. In akwai mata a wurin, ko an je gidan wasan kwaikwayo, mai wutsiyar ce ƙa'ida. Saboda haka da attajirin Landan ko New York ya hau jirgi ya sauya kaya da magariba, ba dokar teku ya bi ba. Abin da ya saba yi a gidansa da otal ɗinsa ne ya ci gaba da yi.

Masu jiragen ne suka gane akwai kuɗi a wannan ɗabi'a. Albert Ballin, shugaban kamfanin Hamburg-Amerika na Jamus, ya ɗauko Charles Mewès, wanda ya tsara otal ɗin Ritz na Paris, ya ƙawata masa jirgin Amerika na 1905, aka buɗe gidan abinci na Ritz-Carlton a cikinsa. Manufar ita ce fasinja ya manta yana kan ruwa. Faransawa suka ƙara gishiri: suka riƙa gina doguwar matakala mai faɗi da ke saukowa kai tsaye cikin zauren cin abinci, ta yadda duk wanda zai shigo sai idon kowa ya sauka a kansa. A Normandie na 1935 zauren ya kai kusan mita 93, ya fi zauren madubai na fadar Versailles tsawo, kuma yana cin mutum 700. A irin wannan wuri aikin namiji shi ne ya zama baƙin bango, duk maza iri ɗaya, don rigar matar da ke gefensa da lu'ulu'unta su fito. A jiragen Ingila bigila ake busawa don a sanar da fasinja lokacin abinci ya yi. Amma har a wancan zamanin akwai rangwamen da ke nuna cewa hankali ne ke jan al'adar: ba a ado a daren farko, domin ba a gama kwance akwatuna ba, ba a kuma yi a daren ƙarshe, domin an riga an ɗaure su.

Wannan duka a saman jirgi ne. A Titanic, fasinjan ajin farko ba su kai 350 ba, na aji na uku kuwa sun haura 700, kuma babu wanda ya nemi su sa taye. A 1907 kaɗai, sama da mutum miliyan ɗaya suka bi ta tsibirin Ellis suka shiga Amurka, galibinsu a ƙasan jirage suka ƙetaro, kuma kuɗin tikitinsu ne ginshiƙin ribar kamfanonin. Wato talakawan Italiya da Poland da Ireland ne suka ɗauki nauyin matakalar da ba za su taɓa takawa ba. Ga wanda ya san wannan, wuya ne ya yarda cewa daren ado gadon duk matafiya teku ne.

Masu kare al'adar kan kawo labarin Benjamin Guggenheim, attajirin Amurka da aka ruwaito cewa a daren da Titanic ya nutse a 1912 ya cire rigar ceto ya sa kayan darensa, shi da mai yi masa hidima, suka jira mutuwa a haka. Su a wurinsu wannan shaida ce cewa kwat ɗin tana ɗauke da mutunci da kamun kai, ba kuɗi kawai ba. Ban musa cewa mutanen wancan aji sun ɗauke ta haka ba, kuma mutumin da ya zaɓi ya mutu cikin suturar da yake ganin ta dace da shi ya cancanci girmamawa. Sai dai labarin yana ƙarfafa hujjata ne. Rigar ta yi masa ma'ana domin ita ce suturarsa ta kowane dare a tudu, alamar ajin da ya fito. Bai aro ta don tafiyar ba. Ma'anar daga gida ta zo, kuma da gidajen suka daina sauya kaya da yamma, jirgi kaɗai ba zai iya riƙe ta yadda take ba.

Rushewar ta faro ne daga ƙasa. Dokokin shige da fice da Amurka ta kafa a 1921 da 1924 sun toshe kwararar baƙi, sai kamfanonin suka wayi gari da ɗakuna fanko. Suka gyara su suka sayar wa ɗalibai da malamai da masu matsakaicin hali da ke son ganin Turai, suka kuma riƙa tura jirage yawon hunturu zuwa tsibiran Karibiyan, inda Amurkawa ke samun barasar da doka ta hana su a gida daga 1920 zuwa 1933. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin Ballin ya gwada ta tun 1891 da ya aika Augusta Victoria yawo a Bahar Rum don kada jirgin ya zauna banza da sanyi. A wannan tsakani mai wutsiya ta ja baya, gajeriyar kwat ta zama ƙa'ida, kuma zafi ya fara yi wa ƙa'idar gyara. Farar kwat ta dare ta yi tashe a shekarun 1930 a jiragen ƙasashe masu zafi da wuraren hutu na bakin teku. Faffaɗar ɗamarar da ake naɗawa a ƙugu maimakon falmaran daga Indiya take, inda hafsoshin Ingila suka ga falmaran a ƙarƙashin kwat azaba ce. Sojojin ruwansu ma, in sun shiga Bahar Maliya, sukan ajiye kwat ɗin ɗungurungum su zauna a tebur da taguwa da taye da ɗamara. Hanyar Afirka ta Yamma ta ga nata rabon: jiragen Elder Dempster ne ke jigilar jami'an mulkin mallaka da 'yan kasuwa, daga baya da ɗalibai, tsakanin Liverpool da Legas, kuma na ƙarshensu, Aureol, bai daina ba sai 1974.

Jirgin sama ne ya yanke igiyar. A Oktoban 1958 jiragen jet suka fara ƙetare Atlantika da fasinja, tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i. Cikin shekaru goma aka sallami jirgin ruwan Queen Mary, wanda ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1967. Sana'ar da ta taso a gurbin a Miami ta taso: Knut Kloster da Ted Arison suka fara da jirgin Sunward a 1966, Royal Caribbean ta biyo baya, sannan Arison ya kafa Carnival a 1972 da tsohon jirgi guda. Waɗannan jiragen aji ɗaya ne, fasinjansu ma'aikata ne masu hutun mako guda, mutanen da yawancinsu ba su taɓa mallakar kwat ta dare ba. A nan ne abin ya juya. Ado na kowane dare ya koma dare ɗaya ko biyu, aka haɗa shi da liyafar kyaftin, aka jera masu ɗaukar hoto a gindin matakala, aka buɗe hayar kwat ga wanda bai da ita. Wasan talabijin na The Love Boat, wanda aka fara nunawa a 1977, ya shigar da hoton kyaftin cikin fararen kaya a teburinsa cikin miliyoyin gidaje. Jikan wanda ya ƙetaro a ƙasan jirgi yanzu yana biyan kuɗi don ya sauko matakala dare ɗaya, a ɗauke shi hoto, ya sayi hoton.

Daga nan ana iya yi wa wannan bayani suka ta fuska biyu. Masu ra'ayin riƙau za su ce ai wannan lalacewa ce, an mayar da ladabi wasan yara, kuma kwat ɗin haya mai dogon hannu ba ta kama ƙafar ɗinkin Savile Row ba. Gaskiya ne ɗinkin ya ragu, amma abin da suke kewa bai taɓa zama na kowa ba, kuma bai rayu ba sai da aka kulle ƙofa tsakanin benaye. Ɗaya ɓangaren kuma za su ce tunda asalin abin wariya ce, a yar da shi, mutum ya zo hutu ba zai shaƙe wuyansa don kwaikwayon turawan da suka shuɗe ba. Wannan ma bai gamsar da ni ba. Zaure cike da mutanen da suka yi shiri yana da wani kwarjini da ba a samu in rabi sun zo da gajeren wando, kuma daɗin nan ba ya samuwa sai kowa ya ba da nasa. Duk al'ummar da ta san ranar salla ko ɗaurin aure ta san haka. Asalin abu ba ya hana a more shi, muddin ba a yaudari kai game da abin da ake yi ba.

Sanin wannan yana sauƙaƙa wa mai shirin tafiya zaɓi. Tunda babu wata tsohuwar dokar teku da za a karya, abin dubawa shi ne ƙa'idar kamfanin da ya yanki tikitinsa, da yanayin inda jirgin zai bi, da nauyin kaya, domin mai akwati ɗaya na kilo 23 a jirgin sama ba daidai yake da mai sanduƙai da bara ba. Kwat mai duhu da ta zauna a jiki ta fi ta dare da aka aro ba a gwada ba. Farar kwat ta ƙasar zafi ce, ba ta tsakiyar Atlantika da hunturu ba. Kuma jiragen da suka fi tsanani ma suna karɓar ɗan Scotland da siket ɗinsa na gargajiya, don haka mai babbar riga da hula yana da hujja iri ɗaya, ko da yake hikima ce ya tambayi kamfanin kafin ya tashi.

Yau kasuwar ta rabu. Kamfanin Norwegian, magajin wanda Kloster ya kafa, ya soke tilasta daren ado tun wajen 2000, ya mayar da rashin ƙa'idar abin tallarsa. Carnival ta sassauta nata har taguwa mai wuya da dogon wando sun wadatar. Cunard kuwa, wadda Queen Mary 2 nata ke ƙetarewa daga Southampton zuwa New York tun 2004, ta riƙe baƙar kwat gam, wanda bai so ba sai ya nufi wurin cin abinci na ɗebi-da-kanka da wasu zaurukan da aka ware. Tun 1998 kamfanin Carnival ne ke da rinjayen hannun jari a Cunard, wato aljihu ɗaya ne ke karɓar kuɗin mai taye da na marar taye.