Laccocin Ibadan da tarihin da aka ce ba mu da shi

A shekarar 1963 wani babban malamin tarihi na Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya faɗa a wata lacca da aka watsa a talabijin a Ingila cewa Afirka ba ta da wani tarihin da za a koyar, in ban da na Turawan da suka shigo ta. Lokacin da yake wannan magana, a nan Ibadan an riga an yi shekaru ana tara hujjojin da suka ƙaryata shi, tafiyar 'yan mintuna a mota daga Sabo.

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Shekara guda bayan haka ta kafa sashen kai ilimi ga jama'ar gari ƙarƙashin Robert Gardiner, mutumin Ghana. Malamai kan fita garuruwa su yi lacca da yamma ga akawu da malaman firamare da 'yan kasuwa, mutanen da ba su taɓa zama ɗaliban jami'a ba. A 1954 Kenneth Dike ya assasa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, sannan a 1955 aka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya, wadda a tarukanta ake karanta bincike a gaban mutane, a yi tambayoyi, a yi gardama.

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Wani Bature malamin tarihi a kwalejin, H.F.C. Smith, ya wallafa maƙala a 1961 yana nuna cewa masana sun yi sakaci da jihadin ƙarni na 19, alhali Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai masu yawa da Larabci. Malamanmu na zaure sun san waɗannan littattafai tun fil azal, jami'a ce ba ta sani ba. Smith ya koma Zariya, ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, kuma shi ya jagoranci kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Murray Last, wanda ya zauna a Sakkwato yana karatu a ɗakin littattafan Waziri Junaidu, a Ibadan ya samu digirinsa na uku. A 1964 kuma aka buɗe cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci a jami'ar.

Kimiyya ma ta ba da nata gudummawa. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa da rabi cikin kusan shekara 5,730 bayan mutuwarsa. Da auna abin da ya rage a gawayi ko ƙashi ake gane shekarunsa. Da wannan gwaji aka gano cewa tudun Daima a Borno, wanda Graham Connah ya haƙa a 1965 da 1966, mutane sun zauna a wurin fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

To, ina namu tarihin? An kafa Sabo a 1916. Littafin da aka fi sani a kanmu na Abner Cohen ne, wanda ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, ya rubuta yadda fataucin goro da shanu ya ɗaure unguwar. Da Turanci yake, kuma ƙalilan daga cikinmu ne suka karanta shi. Dattawan da suka ga wancan zamani da idonsu kuwa suna ta raguwa.

Laccar da sabon farfesa ke gabatarwa a zauren Trenchard a buɗe take ga kowa, ba a tambayar takardar shaida a ƙofa. Gidan tarihi na Aleshinloye ma yakan yi taro ranar 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya. Da wuya ka ga ɗan Sabo a ɗayansu. Muna neman matasa da za su riƙa halarta su dawo su bayyana mana da Hausa, da wasu kuma da za su ɗauki muryar dattawanmu a waya. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin taronmu na gaba.