Ogzilari: Tarihin Ɗan Ƙarfen Da Ya Koya Wa Inji Tunawa

Tarihin da muka ɗauko wannan makon na wani ɗan abu ne mai girman akwatin ashana, wanda masu aikin wuta ke maƙalawa a jikin kwantakta suna kiransa ogzilari. Ita kwantakta makunni ce da maganaɗisu ke ja: a ba kwayil ɗinta 'yar wuta kaɗan, sai ta ja manyan haƙora su haɗu, babbar wuta ta wuce zuwa moto. Ogzilari kuwa ƙananan haƙora ne da ke motsi tare da manyan. Ba sa ɗaukar nauyin moto, labari kawai suke kaiwa: an kunna, ko an kashe.

Asalin maganar tangaraho ne. Wajajen 1835, Joseph Henry a Amurka ya nuna cewa wuta mai rauni za ta iya jan maganaɗisu ya rufe hanyar wata wuta mai ƙarfi. Masu tangaraho na da matsalar da wannan ya warware, domin saƙo yakan raunana in waya ta yi tsawo. Sai aka riƙa dasa na'urar a kan hanya, ta karɓi saƙon da ya gaji ta miƙa shi ga sabon batir. Aka kira ta rile, daga kalmar Faransanci ta wurin da ɗan aike ke sauya doki, kusan abin da fatakenmu za su kira zango. A 1844 Samuel Morse ya buɗe layinsa tsakanin Washintan da Baltimo.

Da moto mai amfani da lantarki ya shiga masana'antu, rile ta yi ƙiba ta zama kwantakta. Nan aka gamu da wata tambaya: in ma'aikaci ya danna koren maɓalli ya ɗaga yatsa, me zai riƙe injin a kunne? Amsar ita ce ɗan haƙori guda da ake ɗaurawa ya kewaye maɓallin. Da zarar kwantakta ta ja, sai ya rufe, ya ci gaba da ba kwayil wuta. Injin ya riƙe kansa ke nan, ya tuna an ce masa ya tashi.

A ganinmu mantuwarsa ta fi tunawarsa daraja, musamman a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama. Wuta na ɗaukewa, kwayil ya saki, haƙorin ya buɗe. In an dawo da ita injin ba zai tashi ba sai mutum ya sake danna maɓalli. Ku ƙaddara yaron mai injin niƙa ya ga an ɗauke wuta, ya sa hannu yana gyara bel. Inda aka haɗa moto da makunni kai tsaye, dawowar wuta ita ce tashin injin, hannu na ciki.

Akwai kuma haƙorin da ke zaune a rufe, sai kwantakta ta ja ya buɗe. Da shi ake hana kwantaktoci biyu ja lokaci guda: na juya moto gaba da na baya, ko na wutar gari da na janareta. In aka rasa wannan kulle, wutar janareta na iya komawa kan layi ta sami ma'aikacin da ke kan turke yana zaton layin a mace yake.

A 1937 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a MIT, Claude Shannon, ya nuna cewa haƙora a jere suna nufin "da", a kafaɗa da kafaɗa suna nufin "ko", wato ana iya yin lissafin hankali da su. Kwamfutar da kuke karanta wannan rubutu a kanta jikar wannan tunani ce. Masana'antu kuwa suka cika bango da ɗaruruwan rile, har ya zama sauya tsarin aiki sai an kwance wayoyi an sake ɗaurawa. A 1968 kamfanin General Motors ya nemi mafita, Dick Morley da abokansa suka fito da Modicon 084, ɗaya daga cikin na'urorin PLC na farko. Ta kori yawancin rile daga fanel, amma ba ta kori ogzilari ba, domin har yau shi ne ke shaida mata cewa kwantakta ta ja da gaske.

Wannan tarihin ne ke rubuce a jikin ɗan bulon da ake saya a kasuwa. Lamba ta farko matsayi ce, ta biyu aiki: 13 da 14 buɗaɗɗe, 21 da 22 rufaffe. Mai saye ya fara ƙirga nawa zanensa ke bukata na kowanne, ya duba ko a goshi zai zauna ko a gefe, ya kuma san cewa na Schneider ba ya hawa jikin Siemens ko ABB. Alamar AC-15 da DC-13 na faɗin ƙarfin da haƙorin zai iya yankewa in kwayil yake kunnawa, kuma na DC yawanci ya fi ƙanƙanta.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne wuta kaɗan. Haƙorin da ke kunna kwayil na bolt 230 yana ƙona dattin da ke kansa da ɗan tartsatsi. Wanda ke kai saƙo ga PLC kuwa bolt 24 ne da 'yar wuta ƙanƙanuwa, ba ta iya huda ƙurar hunturu in ta kwanta a kansa. Sai moto na gudu, allo na cewa a kashe yake, a yi ta zargin kwamfuta. Don irin wannan wuri ake ƙera bulo mai rufaffen ciki da ƙura ba ta shiga. A injin da ke iya cin hannu kuma ana neman wanda aka ƙera ya zama madubin manyan haƙora: in sun narke sun manne, shi ma ba zai koma ya rufe ba, na'urar tsaro ta ƙi bari a sake tayar da injin sai an sauya kwantaktar.