Tsakanin Gizago Da Injin Murza Itace

Kwanakin baya wani abokina da ya daɗe a Faransa ya dawo gida, ya kawo mini tsarabar wani ɗan itace mai siririn ƙugu kamar kalangu, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Na juya shi na sake juyawa, na rasa gane kansa. Ya yi dariya, ya ce ai maniƙar yaji ce ta Turawa: a zuba ƙwayoyin baƙin masoro a ciki, a murɗa kanta, gari ya zubo ta ƙasa. Da na duba gindinta sai na ga tambarin zaki da sunan Peugeot, wato Fijon nan dai da muka sani, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975.

Ashe kamfanin ya girmi mota nesa ba kusa ba. A 1810 iyalan Peugeot suka mayar da gidan niƙan hatsinsu masana'antar ƙarfe, suna yin zarto da makamantansa. A 1840 suka fitar da maniƙar gahawa, a 1874 kuma ta masoro. Haƙoran ciki na ƙarfe ne, amma gangar jikin itace ne da aka murza a kan inji har ya yi sumul. Wannan murzawar ita ta ja hankalina, domin ba haka kakanninmu suka san aikin itace ba.

Masassaƙin Hausa ajiye itacensa yake yi a ƙasa, ya danne shi da ƙafa, hannu ya yi ta kai da kawowa da gatari da gizago. Itace na zaune, ƙarfe na tafiya. Injin murza itace kuwa akasin haka ne: a ɗaure itacen tsakanin tsinaye biyu, a sa shi ya yi ta juyawa kamar mazari, mai aiki ya kafa bakin ƙarfe mai kaifi a jikinsa, ɓawo ya riƙa fita. Dabara ce tsohuwa ƙwarai. A kabarin wani malamin addinin Masar na dā mai suna Fetosiris, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai zanen mutum biyu, ɗaya na jan igiya yana juya itace, ɗaya na sassaƙa. Har yau a kasuwannin Fas da Marrakesh ana ganin masu murza itace da baka, hannu ɗaya na jan bakan, yatsun ƙafa na taya ɗayan riƙe ƙarfe. Tagogin katako masu ƙwaya-ƙwaya na tsofaffin gidajen Alƙahira ma aikinsu ne.

Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana ciniki da Arewacin Afirka, Larabawan Gadamus da Tarabulus har unguwa gare su a cikin birni, amma duk da haka turminmu da taɓaryarmu da akushi da ƙoshiya da muciya da kujerar tsugunno aikin gizago suka ci gaba da zama. A ganina ba rashin wayo ba ne. Mutanen da suka san mazari da maburgi ba za a ce ba su san amfanin juyi ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne irin kayan da muke buƙata. Turmi gungume ne na ƙirya ko kaɗanya, mai nauyin da sai ƙato ya ɗaga, wa zai juya shi da igiya? Shi kuwa masassaƙi yakan bi itacen har daji, ya rage masa nauyi a can, ya ɗauko abin da ya kusa zama turmi.

Sannan ga maganar yajin kansa. Mai karatu zai yi mamaki in aka ce barkono baƙo ne a ƙasar Hausa, amma haka abin yake. Da shi da tattasai da attaruhu duk daga nahiyar Amurka suka fito, bayan tafiyar Kolombos ta 1492, 'yan Fotugal suka yaɗa su a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Kafin zuwansu da masoro da citta da kimba ake yaji. Cittarmu mai 'ya'ya ta sha ƙetare Sahara a kan raƙuma har Turai. Masoron wannan yanki ma ya taɓa shiga kasuwar Lisbon daga Binin wajen 1486, ya karɓu, har sai da sarkin Fotugal ya hana shigo da shi a 1506, don kada ya karya farashin na Indiya, wanda Basko da Gama ya buɗe hanyarsa ta teku a 1498.

Bature ƙwaya ɗaya tak yake niƙawa, mai tauri, mulmulalliya, yana kuma son ta a kan tebur lokacin da yake cin abinci. Mu kuwa yajinmu haɗi ne. Busasshen barkono, ƙuli-ƙuli, citta, gishiri, in na mai jego ne a ƙara kimba da masoro da kanumfari. Fatar barkono ba ta fashewa tsakanin haƙoran ƙarfe, ƙuli-ƙuli kuma maiƙo gare shi, liƙewa zai yi. Irin wannan haɗi sai daka. Ba banza aka yi wa turmi kirari da na tsakar gida sha lugude ba.

To yaushe injin ya iso mana? Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, katakon kudu ya samu hanyar zuwa, sannan aka kawo ruwan famfo da lantarki daga Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga nan kafinta ya samu gindin zama kusa da masassaƙi. Bompai ta fara cika da masana'antu tun kafin mulkin kai, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. Sai dai abin da injin murza itace ya zo yi mana ba kayan girki ba ne, ƙafar gado ce da ta kujera da ta tebur, kayan ɗakin amarya.

Nan ne nake ganin mutane da yawa suke kuskure, su ce inji ne ya kashe sassaƙa. Ba injin itace ba ne ya kori akushi. Kwanon langa ne, wanda 'yan kasuwar Hon Kon suka shiga ƙerawa a Kano tun wajen shekarun 1960, sannan roba ta zo ta ƙarasa aikin daga masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Akushi yana riƙe zafin tuwo, ba ya kuma tsatsa, amma ba shi da fure a jiki, ba ya jeruwa a bango, ga tsada a kan roba. Uwar amarya ta zaɓi abin da za a gani a yaba. Yau wanda ke son akushi sai ya nufi kasuwar Kurmi, galibi kuma don ado ko biki yake saye. Injin markaɗe ya karɓe tattasai da tumatir, na niƙa ya karɓe hatsi, amma turmi ya ƙi fita daga gida, domin har yanzu ba a yi injin da ke kirɓa fura ko daka yaji yadda uwargida take so ba.

Mu marubuta muna da namu laifin a nan. Sau nawa muka karanta labarin da aka ce a ƙauye ya faru shekaru ɗari da suka wuce, amma marubucin ya kasa gaya mana a cikin me aka zuba tuwo, ko da wane itace aka yi allon almajiri? Aduwa ce, ga wanda bai sani ba. Mukan ɓata shafi biyu wajen siffanta falon Alhaji, masassaƙi kuwa ko sunan gizagonsa ba ya samun shiga.

Na ɗauki tsarabar tawa na kai kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa, nan ƙasar Kumbotso, wurin wani kafinta mai injin murzawa. Ya auna ta da ido, ya yanko guntun iroko mai kusurwa huɗu, ya huda tsakiyarsa tun daga sama har ƙasa, ya ɗaure a inji. Da ya kunna, kusurwoyin suka ɓace a idona tun kafin ƙarfe ya taɓa su. Ya fara cinye su a hankali, ya fitar da ƙugu, ya ware kai daban, ya bi da samfefa, ƙura ta rufe masa gira. Kafin la'asar ya miƙo mini tagwayen tawa. Ya ce, “Malam, itacen ba wuya. Haƙoran nan ne ba mai yi mana su a nan, in ma an yi, wa zai saya?”

Ta Faransar na kai gida. Uwargida ta cusa mata busasshen barkono, ta murɗa sau uku, abu ya cije. Ta ajiye ta a kan kabad kusa da ta Na'ibawa, ta aiki yarinya ta ɗauko mata ƙaramin turmi.