Take Biyu, Ƙasa Ɗaya: Yadda Aka Je Aka Dawo

Tun ranar 29 ga Mayu 2024, da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar dawo da tsohon taken ƙasa, malaman firamare a Rigachikun suka koma ɗalibai. Garin da ke da hedikwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa ya wayi gari da malamai suna haddace waƙar da aka daina rerawa tun kafin a haifi yawancinsu.

Asalin taken gasa ce da aka yi gab da samun 'yancin kai. Lillian Jean Williams, Baturiyar Ingila mazauniyar Nijeriya, ita ta rubuta baitocin, aka soma rera su ranar 1 ga Oktoba 1960.

A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ajiye shi. Aka sake gasa, aka tsinto baitocin sabon take daga rubutun mutum biyar, cikinsu har da Sota Omoigui da P. O. Aderibigbe, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya ɗora kiɗa.

Galibi ana cewa don Baturiya ce ta rubuta tsohon taken aka yar da shi. Hujjar ba ta cika ba, domin shekara 18 ana rera shi, kowa kuma ya san mai shi. Abin da ya shiga tsakani shi ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Tsohon taken ya amsa a fili cewa ƙabilu da harsuna sun bambanta. Sojojin da suka yi yaƙin, suna shirin miƙa mulki a 1979, sun fi son waƙar da ke kiran kowa ya tashi ya bauta wa ƙasa.

Komawa ga tsohon take ba a Nijeriya aka fara ba. A Holand, waƙar Hendrik Tollens ta yi fiye da ƙarni tana taken ƙasa, kafin a 1932 a ɗauki wata da ta girme ta. Nijar kuwa gaba ta yi: a 2023 ta sauke taken da Bafaranshe Maurice Thiriet ya rubuta mata.

A Nijeriya, taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar dawo da tsohon taken, aka yi shekara goma ba a waiwaye ta ba. A 2024 majalisun dokokin tarayya biyu suka gama da ƙudurin dawo da shi cikin mako guda, a daidai lokacin da talaka ke kuka da tsadar masara da man fetur.