Daga Ƙofar Husaini zuwa Babban Faifai

Masu rubuta tarihin kiɗan Amurka da Ingila kusan bakinsu ɗaya cewa tsakanin 1965 da 1969 ne faifai ya tashi daga tarin waƙoƙin da aka cusa wuri guda ya zama aiki ɗaya da ake zama a saurara daga farko har ƙarshe. Hujjojinsu sanannu ne: Otis Blue na Otis Redding a 1965, Pet Sounds na Beach Boys da Revolver na Beatles a 1966, sai 1967 da ta zo da faifan Jimi Hendrix na farko da Sgt. Pepper na Beatles. Ba wanda zai raina waɗannan ayyuka. Inda maganar ta yi gaba da kanta shi ne da'awar cewa a nan aka fara koya wa talaka mai rediyo sauraron dogon kiɗa mai ɗauke hankali. Alƙahira ta riga su isa wurin ta wata hanya dabam, kuma hanyar ta taso ne daga unguwannin da ɗalibanmu na Azhar suka fi kowa sani, wato Darrasa da kewayen masallacin Husaini.

Kafin a yi maganar wanda ya tsawaita waƙa, sai a san wanda ya gajarta ta. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da minti uku zuwa biyar a fuska guda. Da kamfanoni irin su Gramophone da Odeon da Baidaphon suka shiga Masar a farkon ƙarni na 20, sun tarar mawaƙa na yin wasla, jerin kiɗa da waƙa a kan maƙami ɗaya da kan ci sa'a guda, sai suka datse ta gunduwa-gunduwa don ta shiga faifai. Wanda bai shiga hannun mai almakashi ba shi ne mai bege a filin maulidi. A maulidin Husaini, da ke cika titunan Darrasa da rumfuna duk shekara, sha'iri na ɗaukar baiti ɗaya ya juya shi sau goma, 'yan amshi na riƙe masa gindin murya, jama'a na ɗaga murya da ambaton Allah idan ya taɓa inda suke so, shi kuma sai ya koma ya sake. Wanda ya taɓa zama majalisin mandiri a Kano ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Shehu Ali Mahmud, makahon da ya yi suna da kiran salla da bege a masallacin Husaini har rasuwarsa a 1946, shi ne babban malamin wannan fanni, kuma cikin 'yan amshinsa Zakariyya Ahmad ya taso, wanda daga baya ya tsara wa Ummu Kulsum waƙoƙi masu yawa. Ita kanta 'yar limamin ƙauye ce, da bege ta fara a bayan mahaifinta. Shauƙin nan da Larabawa ke kira ɗarab, daga zauren zikiri ya shiga dandalin waƙa.

Na'ura ce ta ɗaure, na'ura ce kuma ta kwance. Gidan rediyon gwamnatin Masar ya buɗe a 1934, kuma ba a jima ba Ummu Kulsum ta kafa al'adar wasan daren Alhamis ta farkon wata, ana watsa shi kai tsaye ba mai kallon agogo. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi, wanda fuskarsa guda ke ɗaukar fiye da minti 20. Turawa sun daɗe suna zuba masa gajerun waƙoƙi goma sha biyu kafin su gane abin da ke hannunsu. A Masar kayan cika shi na nan a ajiye. Mawaƙi Muhammad Fauzi ya kafa masana'antar buga faifai ta Misrphon a ƙarshen shekarun 1950, gwamnatin Nasir ta ƙwace ta a 1961, daga ita kuma Sono Cairo ta fito. A Fabrairun 1964 Ummu Kulsum ta rera Inta Umri, haɗuwarta ta farko da Muhammad Abdulwahab, waƙa ɗaya da takan kusanci sa'a guda a dandali, da jitar lantarki a cikin buɗewarta. Sai bayan shekara huɗu Iron Butterfly suka cika fuskar faifai da waƙa ɗaya mai minti 17 aka yi ta mamaki.

Za a ce jitar nan kwaikwayon Turawa ce. Haka ne, an aro ta, amma a duba yadda aka sa ta aiki. Umar Khurshid ya fito daga Les Petits Chats, ƙungiyar samarin Alƙahira masu kaɗa waƙoƙin Turai, ya shiga makaɗan Abdulhalim Hafiz da na Ummu Kulsum, inda jitarsa ta riƙa bin layin maƙami ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ud, molon Larabawa, ke yi. Aron kuma bai kasance ta gefe guda ba. Misirlou da Dick Dale, ɗan asalin Labanan ta wajen uba, ya kaɗa a 1962 tsohon karin gabashin Bahar Rum ne. George Harrison ya shigar da sitar ta Indiya cikin waƙar Beatles a 1965, Brian Jones na Rolling Stones ya je ƙauyen Jajuka a Maroko ya naɗi makaɗansu a 1968. Abin da ake kira kiɗan sakadelik, idan aka cire ƙwayoyin maye da fitilu masu launi, nema ne na sauti mai maimaituwa da zai fitar da mai sauraro daga hayyacinsa. Samarin Landan da San Faransisko sun je gabas neman abin da Darrasa ke yi kyauta a bakin titi.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne cewa faifan Ummu Kulsum naɗin wasa ne kawai, alhali Sgt. Pepper ginin ɗakin naɗar sauti ne: George Martin da injiniyoyinsa na cika layi huɗu na zare, su tattara su a layi ɗaya na wani injin, su sake ɗora sabon sauti a kai, har a samu abin da ba wanda zai iya kaɗawa a gaban jama'a. Wannan gaskiya ne, kuma a wannan fasaha Alƙahira ba ta ja da su ba. Sai dai ma'aunin ba ya tsayawa ko a gidansu. Live at the Apollo na James Brown, da ya fito a 1963, naɗin dare ɗaya ne da ihun mata a cikinsa, kuma yana sahun gaba a duk lissafin manyan fayafayan zamanin. Kiɗan sol, wato irin na James Brown, shi ma daga coci ya fito da kira da amshinsa. Aretha Franklin 'yar fasto ce, Sam Cooke mawaƙin bishara ne kafin ya juya. Idan an karɓi ihun Harlem, inda aka naɗi faifan James Brown, a matsayin ɓangaren aikin, babu dalilin ƙin karɓar na Alƙahira.

Saura maganar tawaye. Fayafayan Yamma sun tafi tare da adawa da yaƙin Biyetnam da gwagwarmayar baƙar fata, su kuwa na Masar gwamnati ce ke buga su, ita ke da rediyon. Nan ma akwai gaskiya: kwanaki kaɗan bayan fitowar Sgt. Pepper aka yi yaƙin Yunin 1967, kuma Ummu Kulsum ta fita yawon tara wa gwamnati kuɗi, har dandalin Olympia na Faris a Nuwamba. Amma Masar ba ta rasa masu waƙar adawa ba, faifai ne suka rasa. A Hosh Ƙadam, lungun da ke 'yar tafiya da ƙafa daga Azhar, wani makahon mahaddaci, Shehu Imam, wanda shi ma ya zauna gaban Zakariyya Ahmad, ya haɗu da marubuci Ahmad Fu'ad Najm a 1962. Bayan kayen 1967 suka shiga zambo ga masu mulki da ud ɗaya a ɗaki ɗaya, ɗalibai na haddacewa suna kaiwa jami'a. An tsare su a 1969, Sono Cairo ba ta buga musu ko fuska guda ba, kuma sai da kaset ya wadata a shekarun 1970 muryarsu ta bazu, faifansu kuwa a Faransa aka buga shi. Duk mai lissafa manyan ayyukan shekarun sittin ta hanyar ƙirga fayafayai, to masu injin bugawa ne suka riga suka zaɓar masa abin da zai ƙirga.